Ƙaho na Biyu

A garin Ashlund, can bakin tafkin Erie, in baƙo ya tambayi Sabolik, sai a ce masa, "Wanne? Namu ko na duniya?" Na duniya shi ne Dominik, jagoran makaɗa, wanda hotonsa ke rataye a shagon aski da ofishin magajin gari, sanye da baƙar kwat, gashi a barbaje, ya ɗaga 'yar sandarsa sama. Namu kuwa wansa ne, Emil, wanda za ka iya karo da shi kowace Asabar a kantin cefane yana lallatsa kabeji. Wannan labarin Emil ne, don na Dominik jaridu sun gaji da bayarwa.

Emil mai busa ƙaho ne a ƙungiyar makaɗan gari, ƙaho na biyu. Da rana yana koya wa 'yan sakandare busa, da yamma ya ɗauki akwatin ƙahonsa ya nufi zauren wasa, ya zauna a sahun baya yana jiran a zo kansa. Kada wani ya ɗauka gwani ne da duniya ta zalunta. Ko kusa. Emil na biyu ne tsakani da Allah, ya san haka, yana ma alfahari da shi. Aikin na biyu shi ne ya riƙe sauti daga ƙasa, ya ja numfashi lokacin da na ɗaya ya ja, in abu ya yi kyau a yaba wa na ɗaya, in ya ɓaci a juyo a harare shi. Yakan ce wa ɗalibansa, "In aka ji ni na yi laifi, in aka rasa ni na yi laifi. To ku nemo mini aikin da ya fi wannan daɗi."

Ubansu ma'aikacin kamfanin narka ƙarfe ne, yana busa a badujalar kamfani, shi ya ɗora Emil a kan ƙaho. Da aka miƙa wa Dominik ya gwada, ƙahon ya yi kuka kamar an taka wutsiyar kare, yaron ya ajiye bai sake taɓawa ba. Amma Allah ya ba shi kunne, ya kuma ba shi rashin kunya. Emil na gwaji a ɗakin ƙasa, kusa da tukunyar ɗumama gida, sai yaron ya zo ya zauna a matakala da allurar saƙar Mama a hannu.

"Yaya, ka yi ƙasa."

"Kai, auta, tashi ka ba ni wuri kafin in kwaɗa maka ƙahon nan a ka."

"Ni dai na faɗa maka. Sake."

"Wa ya naɗa ka sarkin kunne?"

"Sake mana. Dube ni. Kada ka busa sai na ba ka hannu."

Emil ya dube shi don ya sami abin dariya. Yaron ya kafa masa ido, ya ja numfashi tare da shi, ya buɗe tafin hannunsa na hagu a hankali, sai ga sauti ya fito daga ƙahon, cikakke, daidai, kamar ba Emil ne ya busa ba. Tsigar jikinsa ta tashi. Bai yi dariyar ba.

Wanda bai taɓa zama a sahun makaɗa ba yakan ɗauka jagora aikin banza yake yi, mutum ya tsaya yana kora ƙuda alhali wasu na gumi. Sai ka zauna kana ƙirga shiru, zuciya na dukan uku-uku, leɓe ya bushe, sannan ka ga mutum ya juyo cikin mutum tamanin ya dube ka kai kaɗai, ya miƙo maka hannu, wato shigo, ina tare da kai. Jagora nagari da kallon nan yake ciro sautin daga cikinka. Emil ya ɗanɗana wannan a matakalar ɗakin ƙasa yana saurayi, daga ranar kuwa abu ɗaya ya sa a ransa: wata rana ya zauna a dandamali, gaban mutanen garinsu, ƙanensa ya dube shi ya ba shi hannu. Bai taɓa roƙon Allah arziki ko suna ba, wannan kawai ya roƙa.

Ƙurar kamfani ta cinye huhun ubansu, aka binne shi. Emil ya zauna da Mama, ya auri Arlene, ya kama koyarwa. Dominik ya tafi makarantar kiɗa, daga nan ya haye Jamus, wani ƙaramin gidan opera, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, a garin da ko a taswira sai an duba da kyau. Aikinsa ya zauna gaban fiyano daga safe har yamma yana maimaita wa mawaƙa waƙoƙinsu, su yi masa tsawa in sun manta baiti. Burodi da cuku ne abincinsa. Ana nan, wata rana tsohon jagoran gidan ya yanke jiki ya faɗi da azahar, ga wasa da magariba, ga mutane sun sayi tikiti. Aka rasa wanda ya san wasan daga farko har ƙarshe sai ɗan Amurkan nan mai fiyano. Aka ara masa kwat wadda hannunta ya rufe masa yatsu, aka tura shi ramin da makaɗa ke zama a gaban dandamali. A sana'arsu haka ƙofa take buɗewa, sai wani ya kwanta wani yake tashi.

Daga ranar na gaba ya yi gaba. Munich, Vienna, Landan, Buenos Aires, Tokyo, yau opera mai awa huɗu, gobe manyan kaɗe-kaɗe na makaɗa ɗari. A Ashlund aka daina cewa Domi ɗan gidan Sabolik, aka koma cewa Mayestro, wato babban gwani. Yakan bugo waya daga filin jirgi, murya na gudu.

"Yaya, ya gida? Ya Mama? Ana kiran jirginmu."

"To yaushe za ka zo ka kaɗa mana tsinken naka?"

"Ina nan zuwa. Bari in duba ranakuna."

Ranakun nan su ne masifar. Irin su Dominik ba su da ikon kwanakinsu, ana sa musu rana shekara huɗu ko biyar gaba, mutum ya san inda zai tsaya ranar kaza ga watan kaza alhali bai san ko zai kai ba. Ƙungiyar Ashlund ƙarama ce, rabin makaɗanta malaman makaranta ne da masu shaguna, amma ta lallaɓa ta sami rana. Mama ta sayi sabuwar kwat mai launin ruwan toka, ta rataye ta cikin leda tana jira. Saura 'yan makonni, wani babban jagora ya kwanta ciwo a Milan, aka kira Dominik.

"Yaya, ka san yadda abin yake. In ka ce musu a'a sau ɗaya, ba sa sake kira."

"Na sani. Je ka, Allah ya ba da sa'a."

Aka sa wata ranar, ita ma can gaba. Kafin ta zo Mama ta rasu. Dominik na Tokyo, masu kula da harkokinsa suka riƙe labarin har aka sauke labulen wasan ƙarshe, don a wurinsu ba a gaya wa mai aiki mutuwa kafin ya hau dandamali. Ya iso an riga an rufe kabari, ya durƙusa a cikin dusar ƙanƙara ya yi kuka kamar yaro, washegari ya hau jirgi. Rana ta biyun ma da ta zo, wani gidan opera ya riƙe shi da sabon wasa, ta bi 'yar'uwarta.

Emil bai taɓa cewa uffan ba. Arlene ce take yi masa fushin, ita kuwa ba ta iya fushi a ɓoye ba.

"Ƙanenka ya mai da kai ɗan jiran mota. Mutum ya zaga duniya kaf, garin ubansa ne ya yi masa nisa?"

"Aiki ne, Arlene."

"Aiki! Kai kuma naka wasan yara ne?"

Sai ya yi murmushi ya sauka ɗakin ƙasa. Duk faifan da Dominik ya fitar yana da shi, kuma in yana saurare ba 'yan goge yake ji ba, ba mawaƙa ba. Jira yake ƙahoni su shigo, ya ce a ransa, ga shi nan ya dube su. Yana kishin waɗannan mutanen da bai sani ba, Jamusawa da Italiyawa, da suke samun kallon nan kowane mako kamar ruwan famfo.

Leɓen mai ƙaho yana riga mai shi tsufa. Emil ya haura sittin sai ya fara jin wata 'yar rawa a gefen bakinsa, musamman in za a shiga a hankali bayan dogon shiru. In ana ruguntsumi, ganguna na tashi, ba mai ganewa. Amma in wuri ya yi tsit, sautin sai ya yi karkarwa, wani lokaci ya tsage. Ya je wurin likita, ya canza bakin ƙaho, ya ƙara awannin gwaji, abin sai gaba yake yi. Bernadette, mai ƙaho na ɗaya, mace mai jiki da baki kamar reza, ita ta fara ganewa. Ba ta ce masa komai ba, sai dai ta riƙa ƙara ƙarfi a inda ta san zai yi rauni. Jagoran gida ma ya koyi kau da kai. Duk ƙungiyar ta sani, duk ta rufa masa asiri, don babu wanda Emil bai taɓa kai wa miya ba ranar rashin lafiya, ko ya koya wa ɗansa busa. Ya kamata ya ajiye tun tuni, shi ma ya san haka. Abin da ya hana shi, an sa rana ta uku, Dominik kuma ya rantse wannan karon ko sama da ƙasa za su haɗe sai ya zo.

Rana ba ta ƙarya. Aka manna takardu a duk gari: 'yan'uwa biyu a dandamali ɗaya, wasan ban kwana na Malam Emil Sabolik. Tikiti ya ƙare tun kafin ganyen bishiyoyi ya gama zuba da kaka.

Ranar Alhamis da hantsi Dominik ya shigo zaure, wuya naɗe da gyale, gashi ya yi fari fat. Makaɗa suka goga ƙafafu a ƙasa, yadda suke yi wa wanda suke girmamawa. Ya ratsa kujeru har sahun baya ya rungume wansa.

"Yaya, ka ajiye tumbi."

"Kai kuma ka koma kamar sandar taka. Ba sa ba ka abinci a Vienna?"

Aka yi dariya. Ya hau akwatin da jagora ke tsayawa a kai, ya buɗe takardar kiɗa, nan take fuskar ta canza. Dominik a wurin gwaji ba ya kallon kowa. Kansa a sunkuye, ido rabi a rufe, sanda na tafiya, kunne na aiki. Yakan ce ido na ranar wasa ne, in ka kashe shi a gwaji me za ka ba mutane ran Lahadi?

Kiɗan da aka zaɓa wani tsohon kiɗan Jamusawa ne mai tsawo, a tsakiyarsa akwai wurin da komai ke lafawa, 'yan goge su yi ƙasa har su ɓace, sannan ƙaho biyu su shigo su kaɗai, a hankali, kamar mutum biyu na hira a ɗakin mara lafiya. Aka zo wurin. Bernadette ta shiga lafiya. Sautin Emil ya yi rawa, ya tsage.

Sanda ta ƙwanƙwasa. "Ƙahoni, a sake."

Aka sake. Ya tsage.

Dominik bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ƙaho na biyu, kai kaɗai."

Ba mugunta ba ce, a yi masa adalci. Maganar nan ya faɗe ta a Berlin, ya faɗe ta a Chicago, ya faɗe ta da harsuna huɗu, haka ake aikin: in sauti ya ɓaci ka ware mai shi ka ji inda ciwon yake, kuma ba ka kiran suna, kayan busar kake kira. Baki ne ya riga tunani. Amma wannan ba Berlin ba ce. Zauren ya yi tsit, 'yan goge suka sunkuyar da kai kamar ana karanta musu laifi. Emil ya ɗaga ƙaho ya busa shi kaɗai, abin da aka yi shekaru ana lulluɓewa ya fito tsirara gaban mutum tamanin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Sake."

A na ukun ko sauti bai fito ba, iska kawai. Sai a lokacin Dominik ya ɗago, ya ga wanda yake magana da shi. Jini ya bar fuskarsa. Bernadette ta ce da ƙarfi, ba tare da ta dubi kowa ba, "Mayestro, ina ga lokacin shan shayi ya yi."

Da yamma Arlene ta naɗe nama da shinkafa cikin ganyen kabeji, irin na Mama, ta dire kwano gaban Dominik har miya ta fantsama.

"Ci. Ka yi aiki yau, ka gaji."

Ya ɗauki cokali ya ajiye. "Yaya, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"A ina? A filin jirgi, ana kiran jirginku?"

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

Arlene ta ce, "Da ka zo lokacin da uwarku ta sayi kwat, da ka ji ƙaho. Mutumin nan yana busa, maƙwabta na buɗe taga. Kai kana can kana kaɗa wa baƙi tsinke."

"Arlene, ya isa."

"Bai isa ba! A gaban yaran da ya koyar! Ƙaho na biyu! Ba shi da suna ne? Ba shi ya goya ka ba?"

Dominik bai kare kansa ba. Ya ce a hankali, "Sai a canza kiɗan. Akwai waɗanda ƙaho ba ya fitowa fili."

Emil ya girgiza kai. "Ba za ka zo garin ubanka ka yi ƙaramin aiki saboda ni ba. An buga a takarda, mutane sun gani."

"To yaya za mu yi? Ba zan iya yin kamar ban ji ba, Yaya. Kunnen nan ba shi da murfi. Da yana da shi, yau da na rufe."

Emil ya ji tausayinsa, abin da ya ba shi haushi ke nan. Ya so ya yi fushi ko sau ɗaya a rayuwarsa, ga dalili ya samu, amma da ya dubi tsohon da ke zaune gabansa, mai gidaje a ƙasa uku da aure biyu da suka mutu, wanda ko kabarin uwarsa sai an nuna masa hanya, sai fushin ya ƙi zuwa. Ya tura masa kwano ya ce ya ci kafin ya huce.

Washegari da sassafe Emil ya je gidan Bernadette. Saboda nauyin kiɗan, ƙungiya ta riga ta ɗauko ƙarin mai ƙaho daga Cleveland, wani dattijo mai sanƙo, Otis, don ya riƙa karɓar ta in leɓenta ya gaji.

Emil ya ce, "A dawo da kujerar Otis gefena. Ya busa nawa."

"Kai kuma fa?"

"In riƙe ƙaho a baki, in motsa yatsu. Daga kujerun 'yan kallo wa zai gane?"

"Emil, ka san abin da kake faɗa kuwa? Wasanka na ƙarshe?"

"In na janye, gari zai tambayi dalili, a ce ƙanena ya kore ni. In na busa, na ɓata masa aiki gaban 'yan jarida. Ke kina da hanya ta uku?"

Bernadette ta miƙe. Ta shiga kicin ta daɗe tana fyace hanci, ta fito ta ce mura ce. Otis da aka gaya masa ya shafa sanƙonsa ya ce, "Ni ban ji komai ba, ban ga komai ba. Inda aka ajiye kujerata nan zan zauna."

A gwajin ƙarshe aka zo wurin nan, ƙaho biyu suka shigo sumul. Sandar Dominik ta ɗan tsaya a sama. Ya san sautin wansa kamar yadda ya san muryarsa, ya kuma san wannan ba shi ba ne. Bai ɗago ba. Ya ce, "Madalla. Mu ci gaba."

Lahadi da la'asar zaure ya cika har bango. Tsofaffin ma'aikatan kamfani da sandunansu, matan coci, ɗaliban Emil na da, wasu da furfura, wasu da jarirai. Arlene na sahun gaba da jakarta a cinya. Dominik ya fito, aka tafa, ya juya wa jama'a baya, ya ɗaga hannu.

Sai a ranar makaɗan Ashlund suka gane dalilin da duniya ta riƙe shi. Ya rufe takardar, bai ko dube ta ba. Idon da ya ɓoye kwana uku ya buɗe shi. Ya dubi 'yan goge, malaman lissafi da masu sayar da inshora, suka yi kiɗan da ba su san suna da shi ba. Ya dubi mai sarewa, wata ma'aikaciyar asibiti, ta busa kamar ranta zai bi sautin. Kowa ya sami rabonsa, ɗaya bayan ɗaya. Emil na zaune da ƙarfe mai sanyi a leɓe, yatsu na tafiya, yana kallon kallon nan na yawo a dandamali yana matsowa.

Kiɗa ya fara lafawa. 'Yan goge suka yi ƙasa. Nan zuciyar Emil ta fara yi masa huɗuba. A gwaji ai bai dube ni ba. Ba a taɓa yi ya dube ni sauti ya ƙi fita ba. In ya dube ni yanzu, in ya buɗe hannun nan, leɓen zai tsaya, na san zai tsaya. Otis ya yi haƙuri. Ya gyara zama, ya dafa ƙafafu a ƙasa, ya ja numfashi har ƙasan ciki, irin jan da ba na wasa ba. Bernadette ta ji shi, ta ɗan juyo a tsorace.

Dominik ya juyo wajen ƙahoni. Ya dubi Bernadette. Idon ya taso, ya zo daidai kan Emil, bai tsaya ba, ya wuce kujera ɗaya ya sauka a kan Otis. Tafin hannun hagu ya buɗe a hankali.

Sautin ya fito cikakke, mai taushi, ya kwanta ƙarƙashin na Bernadette, mutane suka riƙe numfashi. Wata tsohuwa a sahu na uku ta sa hankici a ido. Emil ya saki iskar da ya tara ta hanci, kaɗan-kaɗan, don kada a ji. Yatsunsa suka ci gaba da aikinsu har aka kai ƙarshe.

Da aka gama, zaure ya tashi tsaye. A al'ada jagora yakan nuna waɗanda suka yi fice su miƙe ɗaya-ɗaya a tafa musu. Dominik ya tsai da mai sarewa, ya tsai da Bernadette, sannan ya miƙa hannu biyu wajen wansa. Emil bai motsa ba. Bernadette ta zungure shi da gwiwar hannu ta ce ta gefen baki, "Tashi mana, kada ka kashe mu." Ya tashi. Ihun da aka yi har fitilu sai da suka girgiza. Ɗalibansa na kiran sunansa, tsofaffi na buga sanduna a ƙasa, wani ya yi fito daga sama. Ya tsaya rungume da ƙaho yana karɓar tafin da bai taɓa samun irinsa ba a shekarun da yake busawa da gaske, cikin kunya da baƙin ciki.

A bayan dandamali ya zauna gaban akwatinsa. Mai ƙaho in ya gama wasa yakan juya shi ya zubar da ruwan da numfashi ya tara a ciki. Hannun Emil ya yi abin da ya saba, ya zare bututu, ya karkata, ya girgiza. Ko ɗigo bai fito ba. Ya daɗe yana kallon ƙasan.

Ya tarar da Dominik shi kaɗai a ɗakin canza kaya, zaune, tawul a wuya, rigar ta jiƙe sharkaf. A waje ana jin hayaniyar masu jiran gaisawa, direban da zai kai shi filin jirgi yana ta leƙowa. Emil ya tura ƙofa ya rufe.

"Ka yi aiki, auta. Ban taɓa jin mun yi kiɗa haka ba."

Dominik ya ci gaba da kallon hannuwansa.

Emil ya so ya tsaya a nan, ya yi masa sai wata rana kamar kullum. Amma maganar ta fi ƙarfinsa.

"Na ja numfashi, ka sani. Da ka dube ni, da na busa."

Dominik ya ɗago. Yanzu kam ya dube shi sosai, ido jawur, hawaye na bin gumi.

"Na sani, Yaya. Na ga kafaɗarka ta tashi. Shi ya sa ban dube ka ba."

Yaron gaskiya ya faɗa, kuma daidai ya yi, abin da ya fi ciwo ke nan. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Emil ya ɗauko kwat ɗin ƙanensa daga jikin ƙusa, ya buɗe masa ita ya ce, "Sa hannu, kada jirgi ya bar ka."